Kafin Ki Sauka Gidan Gwaggo Ladi

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Walida ɗiyata, assalamu alaikum.

Ina gaishe ki da kyau. Allah ya kai ku Zariya lafiya, ya tsare ku daga direba mai gudu da masu tare hanya, ya sa ki shiga garin nan da ƙafar dama. Na cusa takardar nan a aljihun jakarki na gefe, saman ledar ƙuli-ƙuli, don na san nan hannunki zai fara zuwa. Na san karatu a mota yana sa ki jiri. Ki tsotsi lemun tsami ki daure, ina so ki gama ta kafin ku wuce Giwa.

Na san dariya kike yi. Mama da wasiƙa? Matar da ko gishiri za ta ce a sayo sai ta yi saƙon murya na minti huɗu? To ki yi dariyarki. Rabona da riƙe biro haka tun ina aji uku na sakandare, hannuna har ya yi tsami, rubutun kuma sai haƙuri. Ke 'yar fari ce, kin san ba na iya zaunar da ke in kalli idonki in yi doguwar magana, ko sunanki na yanka ban taɓa kira ba. Sannan kuma takarda ba a tura ta gurup. Za ki gane dalilin da na faɗi haka.

Ga maganar. Gidan da za ki zauna har ki gama karatun unguwarzoma, gidan Gwaggonki Ladi, 'yar ƙanin kakanku, akwai abin da na taɓa yi wa matar gidan. Shekara takwas ke nan. Kina 'yar shekara goma lokacin, ba ki sani ba. Duk garinmu Tsiga an sani, ba dai a faɗa a gabanki ne. Da Babanku ya dawo ya ce ba a samu ɗaki a makaranta ba, ya yi magana da Ladi ta ce ki zo, sai abin nan ya faɗo mani a rai. Ba na so ki ci tuwon matar nan wata da watanni, sannan wata rana wata baƙuwa ta kalle ki ta ce, au, wannan ce ɗiyar mai muryar nan? Gara ki ji daga gare ni.

Amma bari in faro daga baya kaɗan, don abin yana da tushe.

Zaɓen farko da na taɓa yi, kina goye a bayana. Lokacin kakanku Baba Alhaji, Allah ya jiƙansa, shi ke riƙe katin zaɓen duk matan gidan, a cikin wani gwangwanin alewa. Ranar zaɓe da safe zai zauna kan buzunsa a zaure, a kira mu ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙo maki katinki, ya nuna maki alamar jam'iyya a jikin wata takarda, ya ce, "Nan za ki dangwala. Kin gani? Sake dubawa." Ki ce kin gani, ki wuce. Ni abin da ya dame ni ranar shi ne sabuwar atamfata da lallen da na sha, da kuma wa zan gani a layin mata. Na dangwala, na dawo, na mayar da kati gwangwani. Wallahi Walida, sunan mutumin na sani, amma me ya ce zai yi in ya hau, ko abu ɗaya ban sani ba. Kuma ban ji komai ba. Na ɗauka haka ake yi, kamar yadda ake ce maki yau tuwon dawa za a yi.

Ba ina zagin kakanku ba ne, mutumin kirki ne, yadda ya tarar ya yi. Laifina shi ne ban taɓa cewa, Baba, don me shi? Ƙila da ya ba ni dalili mai kyau. Ƙila da ya yi shiru, shirun ma ya koya mani wani abu. Ke yanzu kin kai, kin yanki naki katin. Ki riƙe shi a jakarki. Ki saurari manya da ladabi, Babanku da malamanki da kowa, amma ki riƙa tambayar dalili. Tambaya a durƙushe ba rashin kunya ba ce.

To sai zaɓen da ya jawo maganar nan. Shekarar na fara riƙe babbar waya, aka sa ni a gurup ɗin matan unguwa. Kin dai san ni da kwaikwayon murya. Mai tallan manja, kwandastan motar Danja, mai shelar allurar rigakafi, duk ina yi, mata suna turo hoton nan mai dariya da hawaye. Daɗi nake ji. In na yi kwana biyu ban sa komai ba sai a fara, ina Hadiza, ko data ta ƙare?

A zaɓen sai wata mata ta fito takarar shugaban ƙasa, a wata ƙaramar jam'iyya da ko alamarta ba mu sani ba. Tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ce, ba 'yar yankinmu ba, tana sa wani ƙaton tabarau. Mai Tabarau muke ce mata. Gwaggonki Ladi lokacin tana nan Tsiga tana aikin malamar gona, ita ta koya mana zuba wake a buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ba a sa magani kuma ƙwaro bai ci. Aurenta ya mutu, tana zaune ɗakinta ita da 'ya'yanta biyu. Ita kaɗai ta ɗauki tallan matar nan a kanta, ba wanda ya ba ta ko sabulu.

Ranar sunan ɗiyar Binta ƙawata, an cika tsakar gida, ana jiran a raba tuwo, sai Ladi ta miƙe da wayarta. Tana da wani ɗan tari da take yi kafin ta fara magana, kuma kowace jimla sai ta ƙare da "kun gane ko?"

Ta ce, "Ehem. Mata, ku ba ni minti biyar. Akwai wadda ta fito neman shugaban ƙasa, ina so ku ji abin da ta ce, kun gane ko?"

Hajiya Balaraba mai koko ta ce, "Wadda? Mace? To in ta yi ciki wa zai riƙe mana ƙasar?"

Ladi ta ce, "Hajiya, ta haura sittin."

"To in mijinta ya tashi da fushi ya ce yau ba ta fita fa? Sai a rufe Najeriya?"

Gida ya kwashe. Binta daga kan gado, da jegonta, ta ɗago murya ta ce, "Yaya Ladi, soja da bindiga zai sara wa mai ɗankwali?"

Ladi ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Ku dai ji abu uku. Ta ce unguwarzoma a asibitin kowane ƙauye. Ta ce takin gwamnati a rubuta shi da sunan macen da ke noma, ba sai ta bi ta hannun namiji ba. Ta ce yarinya ta gama sakandare ba a koro ta gida. Kun gane ko?"

Ba wadda ta gane, don tuwo ya iso.

Washegari ina suyar awara, mai yana ƙara, na danna waya na yi saƙon murya. Na yi tarin, na yi "kun gane ko," na yi yadda take jan "mataaa." Na yi Mai Tabarau tana duba faretin soja goyo na kuka. Har nan abin dariya ne, ni kaina ina yi ina riƙe ciki. Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na koma muryata na ce, wai bazawarar da ta kasa riƙe miji ɗaya ita za ta zaɓa mana mai riƙe ƙasa, 'yar Maguzawa, uwarta na can ƙauye tana dafa giya. Haka na faɗa. Na rubuta maki shi yadda yake don kada in rage wa kaina.

Kafin la'asar an turo mani saƙona daga Dandume, wata 'yar ajinmu ta ce, ke ji wannan, kamar muryarki. Ya je Funtua, ya je Malumfashi. Aka sa wa Ladi suna Shugaba. In ta wuce sai mata su ce, "Ranki ya daɗe Shugaba, a taimaka mana da taki." Masu zuwa koyon ajiyar wake suka ragu, suka ragu, har ta riƙa shimfiɗa tabarma ta naɗe ba kowa. Kaka na yi ta nemi canjin wurin aiki, ta koma Zariya. Ba ta taɓa ce mani komai ba. In mun haɗu wurin biki ta gaishe ni, in amsa, kowa ya kalli gefe.

Walida, Allah ya ba ki bakin nan nawa, na ji ki kina yin muryar malamin lissafinku. Ba zan ce ki daina ba, dariya rahama ce. Amma in kin ga mutane sun taru suna dariya, ki duba ki ga ko akwai wanda ake yi da shi, kuma shi kaɗai ne. In akwai, ki sauke wayar. Kuma in gardama ta haɗa ki da mutum a kan ɗan takara, ki tsaya kan ɗan takarar. Kada ki taɓa aurensa, kada ki taɓa uwarsa.

Abin da har yau nake juyawa a kaina shi ne, me ya sa mu mata muka fi zaƙewa? Maza a majalisarsu ta bakin masallaci, Babanku ya ce jimla ɗaya suka yi, "mace ai ba ta ci," suka koma kan farashin masara. Mu ne muka yi sati uku muna jan abin. Me ya tsone mana ido? Wani lokaci in ce tsoro ne, kada maza su ji muna sha'awar abin su ce mun fara ɗaga kai, sai kowa ta yi saurin nuna ba ta ciki. Wani lokaci in ce mun saba ganin mulki da babbar riga da rawani da jiniya, to da muka ga ɗankwali sai ido ya ƙi karɓa. Na kaina dai na gano shi, kuma ba daɗin faɗa. Ladi ta gama makaranta, ni ban gama ba. Ta tsaya gaban mata tana bayani, ni iyakata in ba su dariya. Mai Tabarau ba ta yi mani komai ba, ko bidiyonta ban kalla har ƙarshe ba.

Za ki ji ana kawo maganar addini a kan shugabancin mace. Na ji malamai a waya, wannan ya ce haka da hujjarsa, wancan ya ce akwai bayani. Ni ba malama ba ce, ba zan yanke maki ba, ki tambayi masu ilimi na ƙwarai, ba masu ihu a bidiyo ba. Abin da zan gaya maki kawai, ranar da nake suyar awarar nan ko kusa addini bai zo mani a rai ba. Daga baya ne, da wata ta ce na yi yawa, na jawo shi na rufa. Kada ki yi haka. Abu ne mai nauyi a ɗauko shi don a rufe hassada.

Da aka ƙirga akwatinmu, ƙuri'a biyu matar ta samu. Ɗaya ta Ladi ce. Ɗayar fa? Har yau in ina zaune gidan biki sai in riƙa kallon mata ɗaya bayan ɗaya. Wata a cikinmu ta yi dariya tare da mu, ta shiga bayan labule ta yi abin da ranta ya so. Ko Hajiya Balaraba ce? Ko ma namiji ne? Oho. Da zan san ta da na kai mata awara kyauta ta ba ni labari.

Shekara na zagayowa na zo haihuwar ƙanwarki Husna. Ranar Juma'a da azahar, abu ya zo da gardama. Aka kai ni ɗan asibitin nan na bayan kasuwa, ƙofa da kwaɗo, ma'aikaci ɗaya ne kuma ya tafi masallaci, ko yana nan ma ba aikinsa ba ne. A bayan a-kori-kura mai ɗaukar masara aka kai ni Funtua. Kin san abin da ke yawo a kaina duk ramin da muka faɗa? "Unguwarzoma a kowane ƙauye, kun gane ko?" Kuma ba da muryar Ladi ba, da tawa, yadda na kwaikwaye ta. Ban ce da matar ta ci da an samu unguwarzoma ba. Alkawari kowa ya iya. Ƙila da ta hau ita ma ta manta da mu. Amma a duk masu takarar nan ita kaɗai ta san akwai irin wannan tafiyar, ni kuma na mayar da ita abin wasa.

Kuskurena na gaba ya fi wannan ci mani rai. Bayan na yi arba'in da 'yan watanni, aka yi rasuwa a dangin uwar Ladi, wani ƙauye gaba da Malumfashi, muka je gaisuwa da Babanku. Uwarta Inna Jimmai, ba ki san ta ba. Asalinta 'yar Maguzawa ce, ta musulunta ta auri ƙanin kakanku, da ya rasu ta koma cikin 'yan'uwanta tana noma gayaunarta, wato 'yar gonarta ta kanta. Na so in ɓuya cikin mata, sai ta aiko a kira ni. Tana zaune gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa.

Ta ce, "Ke ce mai muryar Ladi?"

Na ce, "Inna, ina wuni, ya haƙuri."

"Haƙuri da godiya. Yi mani in ji."

Walida, ƙasa ta ƙi tsagewa.

Ta ce, "An kunna mani a kasuwa. Farko na zaci ita ce, har na ce yaushe Ladi ta koyi shashanci. Kin iya, ba ƙarya." Sai ta nuna da haɓa. "Kin ga rumbun can? Na ƙanina ne, maigidan. Da damina ake buɗe shi, lokacin aikin gandu. Wannan nawa ne, wancan na matarsa. Rani duka daga namu ake ci. In mace ta yi ganganci da mudu ɗaya a watan sanyi, yara su kwana da yunwa kafin ruwa ya sauka. Tun kakanninmu haka ake yi, ban taɓa jin an ce mace ba ta iya riƙe rumbu ba. Ita ƙasar taku, ba hatsi ake rabawa a cikinta ba?"

Na ce, "Haka ne, Inna."

"Giya kuma na dafa, da ƙuruciya, na bari tun ba a haifi Ladi ba. Amma ko yau ina dafawa, ina ruwan tukunyata da takardar zaɓe?"

Ta sa aka ƙullo mani daddawa, ta ce in sa wa mai jego a miya, ta manta ni ce mai jegon. Kin san abin da na ce? Na ce, "Inna rana ta yi, za mu koma." Kalma biyu ce, ki yafe, tana bakina, na haɗiye ta. Na ce sai wani zuwan. Damina biyu bayan nan ta rasu.

In kin yi wa mutum laifi, ki ba shi haƙuri ranar da kunyar ta fi zafi. Kada ki jira ta huce, in ta huce ba za ki je ba.

Sai zaɓen da ya wuce, wannan kin tuna shi, don ke kike sa mani waya a caji. Wani matashi ya fito, mai ƙananan kaya da iya magana, na haukace a kansa. Sitatus ɗina kullum shi ne. Na yi faɗa da mutanen da ban taɓa gani ba, wani ɗan Legas har ya toshe ni. Me yake cewa? Asibitin ƙauye, karatun 'ya'ya mata, taki ya isa hannun mai noma. Ina ta rubuta, a ƙarshe mun samu mai tunani.

Sai Binta ta turo mani wani tsohon bidiyo, ta rubuta a ƙasa, "Ƙawata, wannan ba kayan Mai Tabarau ba ne ya aro?" Na kalla, wannan karon har ƙarshe. Wallahi kusan kalma da kalma, ita ma ta fi shi bayanin inda za a samo abin yi. Na zauna riƙe da waya kamar an mare ni.

Na ce bari in gwada wani abu. Babanku ya dawo daga gona, yana cin ɗanwake a inuwa. Na ce, "Ka ji abin da mutumin nan ya faɗa yau?" Na sauya murya na yi ta maza, mai kauri, na karanto mashi maganar matar tun daga farko.

Ya ajiye cokali ya ce, "Kai! Wannan yaro da kai yake. Maganar takin nan gaskiya ce, ko Iya mahaifiyata da ta yi shekara talatin tana noma ba ta taɓa karɓa da sunanta ba."

Na ce, "To ba shi ba ne. Mai Tabarau ce, shekara huɗu da suka wuce."

Ya tsaya yana kallona. Sai ya yi dariya ya ce, "Ke dai Allah ya shirye ki. To ai magana daban, iyawa daban."

Na ce, "Shi me ya taɓa riƙewa da ka san ya iya?"

Ya ce, "Ƙaro mani yaji."

Ban ci gaba ba, don ni ma abin da ya same shi shi ya same ni. Kunnena ne ke da zaɓe, ya ji muryar namiji ya buɗe, ya ji ta mace ya toshe. Shi matashin ma bai ci ba, an ce yaro ne, an ce ba ya da jama'a, an ce wa ya san ubansa. Amma ba wanda ya tambayi wa zai dafa mashi abinci in ya hau, ba wanda ya ƙirga aurensa.

Ba ina ce maki ki zaɓi mace don mace ce ba. Akwai mata azzalumai, kin dai san wadda ke raba kayan tallafi a unguwarmu. Cewa nake, duk wanda ya zo neman ƙuri'arki, ki ɗauki maganarsa ki sa ta a bakin wani, ki ji ko tana nan da nauyinta. In namiji ne ki ji ta da muryar mace, in mace ce ki ji ta da ta namiji. In ta canza, to matsalar tana kunnenki.

Yau da safe, bayan na gama ƙulla maki yaji da kuka, na karɓi lambar Ladi wurin Babanku. Sau uku ina dannawa ina kashewa. Na huɗu ta ɗauka.

Na ce, "Yaya Ladi, Hadiza ce, maman Walida."

Ta ce, "Na gane muryar. Duk Katsina an gane ta."

Na ce, "Na kira ne in ce ki yafe mani. Abin da na yi ban kyauta ba."

Sai ta yi ɗan tarin nan. Ta ce, "Kin san inda na fara jin shi? A motar Funtua. Direba ya kunna, ina kujerar baya, ba wanda ya san ni ce. Wurin faretin soja ni ma sai da na yi dariya. Sai kika kai kan Inna. Na ce a sauke ni a Bakori, na ƙarasa a babur."

Na ce, "Ki yafe, don Allah."

Ta ce, "Don Walida za ta zo ne kika kira?"

Na so in ce a'a. Na ce, "Eh. Da ba don ita ba, ƙila da har yanzu ina cewa sai wani zuwan."

Ta ce, "To kin faɗi gaskiya, na ji daɗin wannan. Yarinya ba ta yi mani komai ba, ɗiyar ɗan'uwana ce, na gyara mata gado tun shekaranjiya. Nawa kuma na bar shi tuntuni. Na Inna ne ban san yadda zan yi da shi ba, ba ni aka zaga ba balle in yafe. Amma Hadiza, a gaban mutane kika faɗa. Ni kaɗai kike ba haƙuri a waya, kun gane ko?"

Ina kashewa na shiga gurup. Na yi saƙon murya da muryata, ba ta kowa ba. Na ce ku tuna abin da na faɗa a kan Malama Ladi da mahaifiyarta, ƙarya na yi kuma zalunci ne, Inna Jimmai ta fi ni mutunci, duk wadda ta tura wancan ta taimaka ta tura wannan. Mata sun fi hamsin a gurup ɗin nan. Bakwai suka saurara kafin azahar. Ɗaya ta turo hoton dariya, ta zaci wani sabon wasa ne. Hajiya Balaraba ta ce, "Hadiza, ko ba ki da lafiya?" Binta ce kaɗai ta rubuta, "Ni ma ina ciki, Allah ya yafe mana." Na san wannan ba zai kai Dandume ba. Na tura wa Ladi, na ga alamar ta ji, ba ta ce komai ba. Ban san ko ya isa ba, kuma ba ni da bakin tambaya.

To in kin isa, ki durƙusa ki gaishe ta yadda ake gaida uwa. Ki ba ta ƙullin waken suya da na sa a ƙasan jaka. Kada ki ba ta haƙuri a madadina, kuma kada ki riƙa raɓe-raɓe kamar mai laifi, kayan nan nawa ne ni zan ɗauka. Ki tashi da wuri, ki yi shara ba sai an ce ba, ki rage danna waya in tana magana, abin da uwarki ta kasa. In kin ji haushina bayan kin karanta, ki ji, kina da gaskiya. Ki dai kira ni in ya sauka.

Abu ɗaya nake roƙo. Wata rana in kun saba, kuna tsinke zogale ko kuna wanki, ki tambaye ta me ta gani a matar nan da har ta yarda ta tsaya ita kaɗai gaban gida cike da mata. Minti biyar ta roƙa ranar sunan nan ba mu ba ta ba. Ki ba ta, ki bar ta ta kai ƙarshe. Sannan ki kira ni ki faɗa mani duka, kada ki rage, ina so in sani.

Allah ya tsare mani ke a hanya da masauki. Allah ya buɗe maki karatu, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga mata masu naƙuda. Allah ya haɗa ki da abokan kirki, ya kare ki daga bakin mutane, ya kare mutane daga naki. Allah ya jiƙan Inna Jimmai da Baba Alhaji. Husna ta ce in gaya maki ta ɗauki filonki. Ki turo saƙo da kun shiga tasha.

Wassalamu alaikum.

Mamanki,
Hadiza